Sayar da bindiga hannu da hannu: takardar da ake yi wa babur ba ta fitar da kai

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani rasuwar Baffanmu ce bara, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a gidansa, wani ƙauye ne ta hanyar Pitowa ba nisa da Garwa a Kamaru, an ƙirga shanu an ƙirga tumaki an yi maganar gona, malam yana ta rubutu a littafinsa, sai Inna ta tashi ta shiga ɗaka ta fito da wani abu dogo naɗe cikin tsohon zani ta ajiye a kan tabarma ba ta ce komai ba. Bindigar Baffa ce, kalibir 12 mai baki ɗaya, ƙotarta ta yi santsi saboda riƙo, har lokacin tana warin man keke da yake shafa mata duk ƙarshen damina. Tare da ita akwai wani gwangwanin madara, a ciki aka ninke takardarta, ta yi ja ta fara tsagewa ta wajen ninkin, ga hoton Baffa yana saurayi hula a karkace.

Nan take Yayanmu babba yace ai wannan mai sauƙi ce, akwai wani Alhaji mai harkar shanu a kasuwar Adumri da ya daɗe yana son ta, tun Baffa na da rai ya taya aka ce masa albarka. Yace a rubuta masa takardar vant, wato takardar ciniki, irin wadda ake yi wa babur, shaidu biyu su sa hannu, a kai kwamisariya wato ofishin 'yan sanda a buga hatimi, kuɗin a zuba cikin gado shikenan. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kaɗai nace Yaya don girman Allah a dakata tukuna. Ya kalle ni yace to ɗan boko, me kuma aka yi? Abin da na yi ƙoƙarin faɗa masa ranar, ban iya jera shi daidai ba saboda idon manya a kaina, shi ne nake so in baje a nan.

Mu dai mun saba da ciniki iri ɗaya. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, dillali ya shiga tsakani, a ce na sallama, a ba dillali la'adarsa, Allah ya sa albarka. Saniya ce ko babur ko firji, da zarar kuɗi ya shiga hannunka kaya ya fita daga wuyanka. To ita bindiga a idon dokar Kamaru ba haka take ba, don abu biyu ne a haɗe waɗanda mu muke ɗauka abu ɗaya ne. Akwai ƙarfen kansa, wannan dukiya ce, ana iya yi masa kuɗi. Akwai kuma izinin riƙe ƙarfen, wanda muke cewa permi, shi kuwa ba dukiya ba ne, ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a ba da shi kyauta. Gwamnati ce ta duba mutum ɗaya, ta bincike shi, tace kai wane na yarda ka riƙe bindiga kaza mai lamba kaza. Sunan mutumin yana jikin takardar, hotonsa yana jiki, irin bindigar da kalibir ɗinta da lambar da aka buga a jikin ƙarfen duk suna jiki. Kaga kenan in ka miƙa wa wani bindigar haɗe da takardar kace ga ta da takardunta cif, ba abin da ka ba shi sai takardar wani, kamar ka ara masa permin tuƙinka ne kace ya hau titi da shi.

Wannan kuskuren shi ne ya fi yawa a wajenmu. Za ka ji mutum yana alfahari wai bindigata mai takarda ce, in ka karɓa ka duba sai ka ga sunan wani tsoho ne da ya rasu tun zamanin da ake zuwa Yawunde kwana uku.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun mulkin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan namu Garwa, akwai dikiri mai lamba 73/658 na 22 ga Oktoba 1973 wanda ya tsara shigo da bindiga da sayar da ita da miƙa ta ga wani da riƙe ta da yawo da ita. Takardar Baffa a ƙarƙashin wannan tsarin aka yi ta. Daga baya aka zo da doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, ita ce yanzu uwar dokokin makamai a ƙasar, ta raba makamai gida takwas. Gida uku na farko kayan yaƙi ne, su kalashinkof da manyansu har da makamai masu guba, waɗannan farar hula ba shi da hanya da su ko ta wace ƙofa, babu wata takarda da za ka cike, babu wani babba da zai sa maka hannu. Gida na huɗu su ne bindigogin kare kai, irin pistole. Na biyar na farauta ne, nan ta Baffa ta faɗa. Sauran sun haɗa da su takobi da wuƙa da masu ƙara kawai, da na wasan harbi, da tsofaffi na ajiye tarihi. Maganarmu ta yau a kan na huɗu da na biyar take, kuma izininsu daga ma'aikatar mulkin cikin gida yake fitowa, wato MINAT a Yawunde. Ba lamido ne ke ba da shi ba, ba jauro ba, ba kwamandan birgad ɗin jandarma ba, duk yadda kuke gaisawa.

Sai kuma sashe na 237 na kundin hukunta laifuka, wanda ni a ganina ya kamata duk mai bindiga ya haddace shi kamar lambar wayarsa. Sashen yace wanda ya ƙera ko ya shigo da ko ya fitar da ko ya riƙe ko ya miƙa ko ya sayar da makami ko harsashi ba tare da izinin da doka ta nema ba, ɗauri ne daga wata 3 zuwa shekara 1 da tara daga sefa 50,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikinsu. In a wajen gida aka kama ka ɗauke da shi, hukuncin ya ninka. Kuma makamin an ƙwace shi kenan, wannan ba zaɓin alƙali ba ne, dole ne. Amma wurin da ya shafi mai sayarwa kai tsaye shi ne inda sashen yace duk wanda ya miƙa wa wani makami ko harsashi bai tabbatar cewa mutumin yana da izinin riƙewa ba, ana ɗaukarsa abokin laifi. A sake karanta wannan da kyau. Ba a ce wanda ya san mutumin ba shi da izini ba, cewa aka yi wanda bai tabbatar ba. Ma'ana nauyin bincike a kanka yake kai mai miƙawa, ba za ka tsaya gaban alƙali kace wallahi ce min ya yi yana da takarda ba, tambayar da za a yi maka ita ce ka gani da idonka? Hausawa dama sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, to nan doka ta rubuta shi baƙi da fari. Kuma kar wani ya ga wata uku ya ce ai da sauƙi, dokar 2016 ta zo da nata hukunce-hukuncen da suka fi wannan zafi nesa ba kusa ba, can maganar shekaru ake yi ba watanni ba.

Wani abin da mutane ba sa lissafawa shi ne wace kotu za ka tsinci kanka. Laifin da ya shafi makaman yaƙi da na kare kai, da fashi da bindiga, kotun soja ce ke saurarensu ko da kai farar hula ne da bai taɓa sa kaki ba, akwai ta a Garwa akwai ta a Marwa. Ga kuma dokar yaƙi da ta'addanci mai lamba 2014/028 ta 23 ga Disamba 2014, ita ma kotun soja ce, hukuncinta yana kaiwa har kisa. Duk wanda ya zauna a yankin Mora ko Kolofata ko Fotokol a shekarun nan ya san yadda ƙaramin zargi yake zama babbar magana. Yanzu ka ɗauka ka sayar wa mutumin kirki, shi kuma bayan shekara biyu buƙata ta taso masa ya sayar wa wani, wancan ya ara wa ƙaninsa, ƙanin ya bi zargina, wato 'yan fashin hanya, aka tare hanya ta wajen Tuboro aka ɗauke makiyayi, sojojin BIR suka bi sawu suka samu bindigar a daji. Abu na farko da za a duba lamba ce. Lambar kuma a rajistar gwamnati sunan wa take ɗauke da shi? Naka. Motar jandarma ƙofar gidanka za ta tsaya da asuba, ba ƙofar mutum na uku ko na huɗu da ba ka taɓa gani ba. Wataƙila a ƙarshe ka wanke kanka daga fashin, amma kafin nan ka yi kwanaki a gardavi wato a tsare, ka sayar da sa biyu ka biya avoka wato lauya, sannan laifin miƙa makami ba izini yana nan yana jiranka don shi kam ka aikata.

To yaya ake yi in mutum yana son ya bi hanya? Sirrin duka a jeri yake, wato me ke zuwa kafin me. Mu mun saba kaya su fara tafiya takarda ta biyo baya in an samu sarari, nan kuwa takarda ce ke gaba, bindiga ita ce ta ƙarshen motsi. Mai saye shi ne zai fara wahala. Zai haɗa dosiye na neman izini, da takardar roƙo mai tambur, da kwafin katin ɗan ƙasa da aka buga wa hatimi, da kaziye daga kotu wanda ke nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, shi kuma kaziyen nan wata uku kawai yake yi ya mutu don haka kar a ciro shi da wuri a ajiye, da hotuna, da takardar likita, da shaidar inda yake zaune. Dosiyen ta ofishin supurefe, wakilin gwamnati na yankinku, yake shiga, ya hau wajen purefe na sama da shi, ya je wajen gwamna, sannan Yawunde. A tsakani za a yi masa anket, wato jandarma ko 'yan sanda su bincika halinsa, su tambayi unguwa wane irin mutum ne, mai faɗa ne, mai shaye-shaye ne, me yake so ya yi da bindiga. Kai mai sayarwa naka shi ne ka nuna cewa bindigar taka ce ta halal, ka fito da naka permin na asali, ka sanar da hukuma a rubuce cewa kana son ka miƙa bindiga kaza mai lamba kaza ga wane, in kana da rasit na harajin bindiga da ka biya a meri, wato ofishin magajin gari, ka haɗa da shi, don yana nuna ba ɓoye ta ka yi ba. Sannan ka zauna ka jira. Bindigar tana ɗakinka a kulle duk tsawon wannan lokaci, ko wata shida ne ko shekara.

Nan ne ake samun matsi. Mai saye zai zo yace Alhaji ai na riga na ajiye dosiye, ga resepise ma, ka ba ni in riƙa amfani da ita kafin ta fito, ɓarayi sun dame ni a ruga. Resepise ba izini ba ne, shaida ce kawai cewa an karɓi takardunsa, ana iya hana shi bayan an karɓa, kuma ana hanawa. Haka in ya nuna maka hoton takarda a waya ko fotokopi da ya yi duhu, kace masa asalin kake so ka gani, ka duba suna ya yi daidai da katinsa, ka duba irin makamin da aka yarje masa, don wanda aka ba izinin bindigar farauta ba shi da izinin pistole. In zuciyarka ba ta kwanta ba ku tafi tare ofishin supurefe a duba, mai gaskiya ba zai ƙi zuwa ba. Shawarata kuma kar ka karɓi kuɗi duka tun farko, ko kafin alƙalami ma in zai yiwu ka bar shi, don da zarar ka ci kuɗin mutum bakinka ya mutu, kullum yana ƙofar gidanka kana jin kunya, wata rana sai ka miƙa masa don ka huta.

In izini ya fito, sai a zo maganar takardar cinikin kanta, kuma ba ina cewa ba ta da amfani ba ne, tana da shi sosai, wurinta ne dai na ƙarshe. A rubuta cikakken sunan mai sayarwa da mai saye da lambobin katinsu, a rubuta kamfanin da ya ƙera bindigar da kalibir da lambar jikinta harafi da harafi, a kwafo daga jikin ƙarfen ba daga tsohuwar takarda ba, don wani lokaci sai ka ga tun farko magatakarda ya juya lamba ɗaya ba wanda ya lura shekara talatin. A sa lamba da ranar izinin mai saye, a sa na mai sayarwa, a sa kuɗi, a sa rana da wuri, in akwai kartush wato harsashi da za a haɗa a rubuta adadinsu, don harsashi ma doka ɗaya ce ke kansa da bindiga. A sa hannu, a buga hatimin hukuma, kowa ya riƙe nasa kwafi. Ni da za a bi tawa, miƙawar ma a ofis za a yi ta gaban jami'i ba a zaure ba. Bayan nan ka tabbata an sauke sunanka daga kan lambar, ka samu wani abu a rubuce da ke nuna haka, ka yi masa fotokopi uku, ɗaya a gida ɗaya wajen ɗan'uwa ɗaya ka ɗauka a waya. Mun san yadda gara da ruwan sama suke yi wa takardu a ofisoshinmu, ranar da za a nema kar ya zama naka kwafin ne kaɗai babu.

Hatimin kwamisariya da Yaya yake ta ambato, mutane su gane abin da yake nufi. Jami'in da ya buga shi cewa kawai yake yi lallai wannan sa hannun na wane ne, na ga katinsa. Bai ce cinikin ya halatta ba. Hasali ma in ba izini, takardar nan da ka sa wa hannu da kanka ita ce babbar shaidar da za a karanta a kotu cewa kai ka miƙa.

Aro da jingina da kyauta duk ƙofa ɗaya suke bi, don doka ba ta tambaya ko an biya kuɗi, miƙawa take kallo. Wanda ya bar bindigarsa wajen mai shago jinginar buhun masara goma, da wanda ya ba mai gadin gonarsa yace riƙe ka kori birai, da wanda ya ba surukinsa don zai bi hanyar Cholire da dare, duk sun miƙa makami ga wanda ba shi da izini. Na san za a ce ai kowa yana yi. Gaskiya ne kowa yana yi, har ranar da yaron ya harbi wani a kan iyakar gona. In kuma sace ta aka yi ko ta ɓata, ranar nan ka je birgad ka ba da sanarwa a rubuta maka, kar kace bari in bincika a hankali tukuna kar a ji kunya, kwanakin da ka yi shiru su ne za a tambaye ka a kansu.

Mu koma kan gado, tunda shi ya kawo mu. Malam ya yi gaskiya da yace bindiga dukiya ce kuma tana shiga rabo, ba wanda ya yi musu, ana iya ƙiyasta kuɗinta a sa a lissafi. Amma permin Baffa ya bi Baffa. Daga ranar da ya rasu babu wani mai rai da ke da izinin riƙe wannan ƙarfen, har Inna da take kwana ɗaki ɗaya da shi. Magada ba za su iya sayar wa Alhajin Adumri kai tsaye ba don su kansu ba su da izini, kuma shi ma ba shi da shi, an haɗa marasa izini biyu kenan ana so hatimi ya halatta su. Hanyar ita ce a sanar da hukuma rasuwar, a kai bindigar ajiya a karɓi takardar shaidar an ajiye, sannan ko dai wani cikin magada ya nemi izini da sunansa ya fanshe ta daga sauran, ko mai saye ya nemi nasa, in ya fito a yi cinikin. Takardar mutuwa daga meri za a nema, ita ma mutanenmu ba sa damuwa da yin ta sai buƙata ta taso, sai a tarar lokaci ya wuce sai an bi ta kotu.

Akwai kuma rukunin da babu ma yadda za a yi a gyara, su ne bindigogin maƙera, adaka da harba-ka-ruga da waɗanda ake yi da bututun ƙarfe su ci kartush ɗin kalibir 12. Ba lamba, ba kamfani, ba rajista, ƙera su ma ba izini laifi ne mai zaman kansa, to me za ka rubuta a takardar vant? Haka wadda aka goge lambarta da magagari, wannan ko kyauta aka ba ka ka gudu. 'Yan bindigar lamido da ke buga albarushi ranar hawan salla wani sha'ani ne daban na al'ada da hukuma ta san da shi, kar wani ya fake da su.

Sai iyaka, mu da muke zaune tsakanin ƙasashe. Takardar Kamaru a Kamaru take aiki, ta Najeriya a Najeriya, ta Chadi a Chadi. Ɗan'uwanka na Mubi ko Yola ko da yana da lasisinsa na can, in ka sayar masa ya tsallaka da ita, kai ka fitar da makami daga ƙasa ba izini shi kuma ya shigar ba izini, laifi biyu a ƙasa biyu. Haka wanda zai haye gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, tafiyar minti kaɗan ce amma wata duniyar doka ce. Chadi ma ba wasa take da abin ba, a Agustan 2019 da rikicin manoma da makiyaya ya yi tsanani Idris Debi ya kafa dokar ta-ɓaci a Waddai da Sila aka bi mutane ana karɓe makamai. Kamaru da Chadi duka suna cikin yarjejeniyar Kinshasa kan ƙananan makamai, wadda aka amince da ita 30 ga Afrilu 2010 ta fara aiki 8 ga Maris 2017, kuma abin da ta fi matsa wa ƙasashe a kai shi ne sa wa makamai alama da ajiye rajista don a iya bin sawun kowace bindiga. Wato zamanin da lamba take kwance a wani tsohon littafi ba mai dubawa yana ƙarewa a hankali.

A lura kuma gwamnati tana iya rufe ƙofar gaba ɗaya in ta ga dama. A Afrilun 2018, wata ɗaya da naɗa shi, ministan mulkin cikin gida Paul Atanga Nji ya hana sayar da bindigogi da harsashi a jihohi shida, Adamawa tana ciki, aka rufe shagunan makamai, dalilin da ya bayar shi ne bindigogin da ke hannun mutane sun fi izinin da aka bayar yawa ƙwarai. Don haka kafin ka fara kowace magana da mai saye ka leƙa ofishin supurefe ka ji me ake ciki a yankinku a wannan lokacin, abin da aka yi wa maƙwabcinka shekara biyar da suka wuce ba lallai ne shi ake yi yau ba. Masu farauta kuma su tuna permin bindiga daban permin farauta daban, na biyun daga ma'aikatar gandun daji yake fitowa, kuma ko kana da duka biyun ba ka da hurumin shiga Waza ko Benuwe ko Buba Njidda ko Faro da ita.

Ba zan ɓoye ba, ina jin zafin masu cewa tsarin ya yi wa talaka tsawo. Makiyayin da aka sace masa ɗa aka karɓi miliyoyi, kace masa ya haɗa dosiye ya jira Yawunde, alhali wanda ya sace ɗan bai cike ko takarda ɗaya ba, dole ya kalle ka kamar ba ka da hankali. Ni kaina sau huɗu na je wani ofis kan maganar Baffa, yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe an ce in dawo da tambur, jibi wanda ya karɓi takardar an yi masa canjin wurin aiki, har na fara tunanin ko Yaya ne ke da gaskiya. Amma da na auna sai na ga jinkirin ofis kuɗin mai da ranakun aiki yake ci min, ɗayar hanyar kuwa in ta ɓaci sunan gidanmu ne za a kira a kotun soja, kuma Inna ce za a fara tambaya ina bindigar mijinki.

Yaya bai ji daɗi ba, kwana biyu ba ya amsa min gaisuwa da kyau, shi kuma Alhajin da aka ce masa sai ya nemi izini tukuna yace shi ba shi da lokacin zarya, zai nema a wani wuri, wanda wannan kaɗai ya ishe ni amsa. Kawu ne ya raba gardamar, yace wa Yaya kai dai bar yaron nan ya yi bokonsa, ba mu rasa abin ci ba. Muka naɗe ta cikin zaninta muka kai, aka kwance aka karanta lambar da ƙarfi wani yana rubutawa, aka ƙirga kartush bakwai da suka rage, aka ba mu takardar ajiya mai hatimi. Ƙanina na uku shi ya ce yana so, ya haɗa dosiyensa tun watan azumi, an zo unguwa an yi masa anket har jauro ya ba da shaida, yanzu dai ana jira. Takardar ajiyar tana wajen Inna, ta ninke ta ta sa cikin gwangwanin madaran nan tare da tsohon permin Baffa, ta hana kowa taɓawa.